Kwalin asali ya cancanci ƙarin kuɗi ga mai tara tsofaffin wasannin gem?

Ɗan Malali ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya shige mini duhu game da tara tsofaffin wasannin gem, musamman na Super Nintendo da Sega Mega Drive da PlayStation ta farko, waɗanda nake saye kaɗan-kaɗan daga hannun abokai da masu sayar da kayan lantarki na gwanjo a nan Kaduna. Kusan duk abin da na samu zuwa yanzu kaset ne tsura, ba kwali, ba ɗan littafin bayani, kuma ban taɓa ɗaukar hakan a matsayin naƙasu ba, tun da manufata ita ce in kunna in buga, in kuma nuna wa ƙannena irin wasannin da aka taso da su kafin wayar hannu ta mamaye ko'ina.

Abin da ya kawo tambayar shi ne, wani mai sayarwa ya nuna mini Donkey Kong Country na Super Nintendo guda biyu. Ɗaya kaset ne shi kaɗai, ɗayan kuma yana cikin kwalinsa, da littafinsa, da farin mazaunin takarda da kaset ɗin yake kwanciya a ciki, amma kuɗin da ya sa wa mai kwalin ya kusa ninka na tsuran sau uku. A cikin kayan nasa akwai kuma Sonic the Hedgehog 2 na Mega Drive a cikin baƙin gidansa na roba, shi kuwa bambancin kuɗinsa da na tsura bai taka kara ya karya ba. Ya ce mini masu tara irin waɗannan kaya a Turai da Amurka ba sa kallon kaset idan ba shi da kwali, kuma wanda ya sayi mai kwali ajiya ya yi, domin kullum kuɗinsa hawa yake yi.

Ina so in ji daga waɗanda suka riga ni shiga harkar, shin kwalin asali yana da wani amfani na gaske ban da ado, har da zai sa mutum mai ƙaramin ƙarfi ya biya wannan bambanci? Idan kuma yana da shi, ta yaya zan gane cewa kwalin na asali ne, kuma takarda mai shekara talatin za ta iya jure damina da garar garin nan? Allah ya saka da alheri.

Baban Sadik na Tudun Wada ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sana'ata gyaran rediyo da talabijin ce, kuma tun lokacin da gidajen gem suka fara yawa a unguwanninmu ake kawo mini waɗannan na'urori, saboda haka zan ba ka amsa daga abin da hannuna ya taɓa.

Kafin a yi maganar kwali, ya kamata mu tuna yadda waɗannan wasanni suka shigo mana. Na'urar da yawancin yaran Kaduna suka fara sani ba ta kamfanin Nintendo ba ce, kwaikwayon na'urarsu mai suna Famicom ce, wadda ta asalinta ta fito a Japan a 1983, kuma kaset ɗinta shi ne ruwan ɗorawan nan da ake rubuta wa cewa akwai dubban wasanni a ciki, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Da PlayStation ta zo, sai aka riƙa sa mata wata 'yar aisi, wato ɗan ƙaramin kayan lantarki da ake likewa a cikin na'ura, domin ta karɓi faifan kwafi, faifan kuma a leda ake sayar da shi da takarda guda ɗaya mai hoto. Kayan asali kuwa ta hanya biyu suka fi zuwa: ko dai tsaraba daga wanda ya je karatu ko aiki Ingila, ko kuma cikin kwantenar kayan gwanjo da ake saukewa a Legas, su bi ta kasuwar Alaba su iso Arewa. Mai loda kwantena ba ya tattalin kwali, a buhu yake zuba kaset. Don haka idan ka ga kaset ɗin Super Nintendo da kwalinsa a garin nan, ɗaya daga cikin biyu ne: ko wani gida ne ya adana shi tun farko, ko kuwa wani ne ya haɗa shi daga baya domin ya ƙara masa kuɗi. Aikinka shi ne ka gano wanne ne a gabanka.

Ka fara da kaset ɗin kansa, domin kwali mai kyau da jabun kaset a ciki asara ce biyu. Kusoshin da Nintendo ke ɗaure kaset ɗinsa da su suna da kai na musamman, sukudireban gida ba ya kama su, akwai nasu mai faɗin milimita 3.8, kuma duk mai gyaran da ya san aikinsa yana da shi. Idan aka buɗe, za ka ga sunan Nintendo da shekara a buge a jikin fanel, wato allon lantarkin da ke cikin kaset ɗin, aisi ɗin kuma manya ne masu ƙafafu, an like su da dalma cikin tsabta. Jabu yawanci fanel ɗinsa ƙarami ne, ba suna, wani lokaci da ɗigon baƙin abu kamar ƙaro a tsakiya. A takardar bayan kaset na asali akwai 'yan lambobi da aka danna da hatimi ba tare da tawada ba, sai ka karkata shi ga haske kake ganinsu. Idan mai sayarwa ya ƙi yarda a buɗe kaset a gabansa, ka bar masa kayansa.

Daga nan sai ka duba lambar da ke jikin takardar gaba. Kaset ɗin Amurka yana farawa da SNS, na Turai da SNSP, na Japan da SHVC, kuma a ƙarshen lambar akwai haruffan da ke nuna ƙasar da aka yi shi dominta: UKV na Ingila ne, NOE na Jamus, FAH na Faransa da Holan. Haruffan nan suna jikin kwali da bangon littafi ma, kuma ya kamata su dace da juna. Wannan yana da amfani ko da ba ka damu da kwali ba, domin na'urar Turai ba ta karɓar kaset ɗin Amurka, siffarsu ma ba ɗaya ba ce, ga kuma makullin da ke cikin na'urar wanda ke hana ta karɓar kaset ɗin wani yanki. Mu a Nijeriya tsarin talabijin ɗinmu irin na Ingila ne, wutarmu ma haka, shi ya sa kayan Turai suka fi sauƙin sha'ani a hannunmu. Na'urar Amurka ko ta Japan kuwa, idan aka jona ta kai tsaye ba tare da abin rage wuta ba, nan take adaftarta ke ƙonewa.

Ra'ayina shi ne, tun da ka ce bugawa kake yi, ka ɗauki Donkey Kong tsura, sauran kuɗin ka sayi sitabilaiza mai kyau, ka kuma sa a canza wa kaset ɗin batir. Wannan wasa ya fito ne a 1994, kuma wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe inda ka tsaya. Idan ya mutu, duk lokacin da ka kashe na'ura sai ka koma farko. Amma Sonic ka ɗauke shi da gidansa. Gidan Sega na roba ne, yana rufuwa ruf, yana hana ƙurar hunturu shiga bakin kaset, kuma ƙurar nan da tsatsa su ne suke kashe yawancin kaset ɗin da ake kawo mini. Dalilin da ya sa bambancin kuɗinsa bai da yawa shi ne mutane ba su zubar da gidajen Sega ba, suna nan da yawa, kwalin Nintendo kuwa yara sun yaga, iyaye sun share. Faifan PlayStation shi ma kada ka saye shi ba gida, saboda faifan da ya yi shekaru yana yawo tsirara da wuya ka same shi ba ƙarzuwa. Na asali cikinsa baƙi ne, na kwafi fari ne mai ƙyalli.

Maman Iman ta Barnawa ta amsa:

Assalamu alaikum. Malam Baban Sadik, Allah ya ƙara basira, na ƙaru da bayanin kusoshi da lambobi ƙwarai. Sai dai ina da ja a kan wuri ɗaya, wato ɗaukar kwali da littafi a matsayin abin da mai bugawa ba ya bukata. Ni malamar makaranta ce, kuma a gidanmu na taso da yayye maza da aka kawo wa Super Nintendo daga Ingila, littattafan wasannin nan kuwa suna cikin abubuwan Turanci na farko da na karanta don raɗin kaina, ba don an sa ni ba.

Ƙanena Ɗan Malali, abin da nake so ka lura da shi shi ne, a wancan zamani kaset ba shi da wurin ɗaukar bayani mai yawa. Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa kilobait 40 ne, hoto guda a wayarka ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Saboda wannan ƙarancin wuri, masu ƙirƙirar wasa sai suka riƙa zuba labarin wasan da sunayen halittun cikinsa da yadda ake sarrafa shi a cikin littafi. Wanda ya buga Mario ba tare da littafinsa ba bai san cewa, a labarin, tubalan da yake gani mutanen masarautar da ke cikin wasan ne aka yi wa sihiri suka koma haka ba. A gidajen gem na unguwanninmu yara sun sha wahalar koyon dabarun Street Fighter II, wanda ya iya ya riƙa ɓoye wa wanda bai iya ba, alhali dabarun suna rubuce a littafin da ya kamata ya zo da kaset ɗin.

Akwai ma wasannin da aka gina su a kan cewa kwalin yana hannunka. A Metal Gear Solid na PlayStation, wanda ya fito a 1998, akwai inda wasan yake ce maka ka duba bayan gidan faifan domin ka samu lambar kiran wata mai suna Meryl, kuma lambar, 140.15, tana cikin wani ƙaramin hoto a bayan gidan da gaske. Wanda ya sayi kwafi a leda a nan yakan tsaya cak a wannan wuri, domin ba shi da gidan da zai duba. StarTropics na Nintendo, na 1990, ya zo da wata wasiƙa ta takarda wadda sai an jiƙa ta da ruwa lambar 747 take bayyana, kuma wasan yana tambayar wannan lamba kafin a wuce. The Legend of Zelda ya zo da taswira, kwalinsa kuma an yanke masa 'yar taga domin a hango kaset ɗin mai launin zinariya. EarthBound na 1995 a Amurka kwalinsa ƙato ne, saboda an haɗa shi da cikakken littafin jagora. Wasan da kake ciniki ma haka yake: a littafin Donkey Kong Country, tsohon birin nan Cranky Kong yana tsoma baki a gefen shafuka yana mita a kan yaran zamani, kuma wannan wani ɓangare ne na halinsa da masu wasan suka shirya da gangan.

Na san za a ce duk wannan yana intanet yanzu, an ɗauki hoton littattafan an ɗora. Gaskiya ne, kuma ina yaba wa masu yin wannan aiki. Amma da wannan hujjar, shi kansa wasan yana intanet, ana buga shi a waya ba tare da kaset ba. Wanda ya zaɓi ya nemi kaset na asali ya riga ya nuna cewa abin da aka riƙe a hannu a wancan lokaci shi yake so, ba wasan kaɗai ba. Idan haka ne, kaset tsura kamar samira ce ba murfi: za ta yi aiki, amma duk wadda ta san kayan ɗaki ta san ba ta cika ba.

Ban ce ka sayi komai da kwali ba, aljihu ba zai ɗauka ba. Shawarata ita ce ka ware wasanni kaɗan da suka fi zama maka a rai, su ka neme su cikakku, sauran ka bar su tsura. Idan kuma za ka zaɓa tsakanin kwali da littafi, ka ɗauki littafin. Shi ne mai abin karantawa, ya fi sauƙin adanawa, kuma masu sayarwa ba su cika tsawwala masa kuɗi ba.

Abu Rigasa ya amsa:

Salamu alaikum. Ni maganar da mai sayarwar ya yi ta cewa kwali ajiya ce, ita nake so in taɓa, domin na san inda ta samo asali. A watan Yuli na 2021 an sayar da Super Mario 64 guda ɗaya a gwanjon Heritage Auctions a Amurka a kan dala miliyan 1.56, kwana biyu bayan an sayar da The Legend of Zelda a kan dala 870,000 a wurin. A watan Agusta na shekarar kuma aka sayar da Super Mario Bros. a kan dala miliyan 2. Labarin ya zaga duniya, kuma tun daga lokacin duk mai tsohon kwali yake ganin yana riƙe da dukiya.

Abin da ba a faɗa shi ne, waɗannan wasanni ba a taɓa ɓare ledarsu ba tun daga masana'anta, kuma wani kamfani mai suna Wata ya duba su ya ba su maki, ya rufe su a akwatin roba mai kauri. Ba su da alaƙa da kwalin da yara suka buɗe suka rufe shekara da shekaru. Ko a can ɗin ma farashin irin waɗannan kaya ya sauko sosai bayan wannan shekara, kuma a 2022 wasu masu saye sun kai kamfanin ba da makin ƙara kotu suna zargin an kumbura kasuwar. Zargi ne, amma ya isa ya sa mutum ya yi hattara.

A kasuwar waje mataki uku ake kasa wasa: tsura, da cikakke wanda aka buɗe, da sabo a ledarsa. Shafin PriceCharting yana nuna farashin kowanne daban, yana kuma raba kayan Turai da na Amurka, don haka ka duba na Turai kafin ka koma wurin mai kayan. Ka kuma tuna cewa Donkey Kong Country yana cikin wasannin Super Nintendo da aka fi sayarwa a duniya, an sayar da fiye da miliyan tara, ba abu ne mai wuyar samu ba. Sannan farashin da ka gani a can na wanda ke da mai saye a kusa da shi ne. Kai idan ka tashi sayarwa, ko dai ka nemi mai sha'awa a Kaduna ko Abuja ko Legas, waɗanda ba su da yawa, ko ka biya kuɗin aikawa waje, kwalin kuma ya isa a murƙushe mai saye ya ce a mayar masa da kuɗinsa. Ka sayi kwali idan ranka yana so, Yaya Maman Iman ta kawo dalilai masu ƙarfi, amma kada ka saye shi da niyyar riba.

Ɗan Malali ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Baban Sadik, na koma wurin mai kayan kamar yadda ka ce, kuma ya yarda wani mai gyara ya buɗe kaset ɗin biyu a gabanmu. Dukansu suna da sunan Nintendo a jikin fanel, da lambobin hatimi a baya. Sai dai na lura cewa kaset ɗin da ke cikin kwalin lambarsa ta ƙare da NOE, kwalin da littafin kuwa UKV ne, kuma littafin da Turanci yake. Littafin ya tsufa, gefensa ya yi ja-ja, amma kwalin yana ƙyalli, kusurwoyinsa ba su ko lanƙwashe ba. Mai kayan ya ce shi ma haka ya saye shi, kuma ban ga alamar yana ɓoye wani abu ba. Me wannan yake nufi, kuma idan na ɗauki littafin ko kwalin, yaya zan adana su?

Malam Na-Kakuri ya amsa:

Assalamu alaikum. Ɗana, na daɗe ina aikin ɗab'i a garin nan, kuma ko da yake ban taɓa buga waɗannan wasanni ba, tambayarka ta ƙarshe ta shigo fagena, domin magana ce ta takarda da tawada.

Abin da ka bayyana yana nuna cewa kayan nan uku ba tare suka fito daga masana'anta ba. Kaset na Jamus ne, littafi na Ingila, kuma wani ya haɗa su a hanya, wataƙila tun kafin su shigo ƙasar nan, don haka ba lalle ne laifin wanda ya kawo maka ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne littafi ya tsufa kwali bai tsufa ba. Takardun da suka zauna wuri ɗaya shekara talatin tare suke tsufa, kuma kwali, da yake shi ne a waje, shi ya kamata ya fi jin jiki: bakin marfinsa ya yi laushi saboda buɗewa da rufewa, kusurwoyinsa su yi fari, launin gefen da ya kalli haske ya ɗan kwanta. Akwai masu buga sababbin kwalaye na tsofaffin wasanni suna sayarwa a intanet, wasu suna rubuta cewa kwafi ne, wasu ba sa rubutawa.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ka samu gilashin ƙara girma, ko ka yi amfani da kyamarar wayarka ka matso da hoton sosai, ka duba ƙananan rubutun da ke bayan kwalin. A bugun asali da aka yi da babban inji, launuka ɗige-ɗige ne masu tsari kamar 'yan furanni, rubutu kuma bakinsa kaifi ne, domin kai tsaye aka buga shi daga farantin ɗab'i. Mai kwafi kuwa hoton tsohon kwali ya ɗauka ya sake bugawa, saboda haka ƙananan haruffa sukan fito da gefe mai dishi-dishi, kuma wani lokaci za ka ga tabo ko ƙarzuwar tsohon kwalin a cikin hoton, alhali idan ka shafa wurin sumul yake. Ka gwada bugun kwalin da na bangon littafin da ke hannunka, tun da shi alamu sun nuna na asali ne. Ka kuma leƙa ciki ka ga wurin da aka manna gefen: gam ɗin masana'anta a layi yake kuma ya bushe ya tsufa, na kwafi sau da yawa tef ne mai manne biyu.

Idan ya tabbata kwafi ne, kuɗinsa kuɗin takarda da bugu ne kawai, kuma ba aibu ba ne ka saye shi a haka domin ya rufe maka kaset, muddin ranar da za ka sayar za ka faɗa wa mai saye gaskiya. Idan kuma ya tabbata na asali ne, duk da haka ba za a kira kayan cikakku ba tun da lambobi sun saɓa, sai ku yi cinikin kowanne daban: kaset da kuɗinsa, littafi da nasa, kwali da nasa. A wurina littafin shi ne abin ɗauka a nan, kamar yadda Malama Maman Iman ta ce.

Game da adanawa, abokan gabar takarda a Kaduna sanannu ne. Daga Yuli zuwa Satumba danshi yana shiga takarda, ta yi laushi, fumfuna ta fito mata da ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa waɗanda ba sa goguwa. Da hunturu kuma ta bushe ta yi ƙaraurau, sai wuraren ninki su fara tsagewa. Gara tana bin bango da ƙasa, kyankyasai suna cin gam da fuskar bugu, rana kuma tana cinye launi, ja da ruwan ɗorawa su ne ke fara tafiya. Saboda haka kada ka ajiye su a ƙasa, kada ka jingina su da bangon da ruwa ke duka ta waje, kada kuma ka jera su inda hasken taga ke sauka. Ka nemi akwatin roba mai marfi da ke rufuwa sosai, irin wanda ake samu a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ka zuba 'yan ƙunshin tsotse danshin nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi da na magani, ka ɗora akwatin a kan kanta. Ƙunshin nan suna ƙoshi da ruwa, don haka ka riƙa canza su, musamman kafin watan Agusta, kuma ranar da za ka rufe akwatin ka zaɓi ranar da gari ya bushe, domin kada ka kulle danshi a ciki.

Kada ka manna salatif a inda ya yage, domin bayan 'yan shekaru gam ɗinsa yana narkewa ya bar tabo mai maiƙo wanda ya fi yagewar muni. Kada ka ɗaure littafi da robar ɗaure kuɗi, zafi yana narkar da ita ta manne da bango. Kafur yana korar ƙwari, amma warinsa yana kama takarda ya ƙi fita, saboda haka ka sa shi a cikin kantar, ba cikin akwatin ba. Ƙusoshin da aka ɗinke tsakiyar littafin da su ƙarfe ne, ka riƙa duba su, idan sun fara tsatsa za ka ga jan tabo a shafin tsakiya, alamar cewa danshi ya yi yawa a wurin. Tun da kuma bugawa za ka riƙa yi, ka ajiye kaset ɗin a waje cikin wata 'yar leda mai zif, kada ka riƙa mayar da shi kwali kullum, domin marfin kwalin Nintendo a wurin buɗewa yake fara yagewa. Idan dole sai ka buɗe, ka zura wani abu mai faɗi marar kaifi ta gefen marfin ka ɗaga harshen a hankali, kada ka ja shi da farce. Idan ka samu dama ka ɗora mana hoton ƙananan rubutun bayan kwalin da na wurin mannin, zan duba in faɗa maka abin da na gani.